Mai Tsohuwar Mota

Ranar da ya fara shigowa shagon kayan gyaran mota na Baba, hannun rigarsa duk baƙin mai ne. Auta, ƙaramar 'yar Baba, ita ce a kan kanta tana jera kwalayen fulogi. Ya ajiye wani ƙarfe mai tsatsa a gabanta.

"Don Allah kuna da irin wannan famfon ruwan?"

Ta juya shi, ta leƙa waje. Doguwar baƙar mota ce a bakin titi, irin ta manyan mutane, sai dai gabanta ya durƙusa, ruwa na ɗiga ƙarƙashinta.

"Sai an yi oda," ta ce. "Malam, wa ya haɗa ka da wannan?"

Ya yi murmushin wanda ya gaji da tambayar. "Ƙaddara, sai kuma dillalin da ke kusa da ku."

Malamin lissafi ne a sakandare. Motar ta ci hanya ta ƙoshi tun kafin ta zo hannunsa. Yau birki, gobe giya, jibi wata fitila ta kama a gaban sitiyari ba wanda ya san dalili. Kusan duk sati sai ya zo. Tun tana ce masa Malam har ta koma Mai Tsohuwa, shi kuma ya sa mata Likitata. In ya shigo a gajiye takan turo masa kujera da ruwan sanyi kafin ta tambayi abin da ya lalace.

Wata safiya ya rubuto mata: "Likitata, yau Tsohuwa bugu ɗaya ta tashi. Ina jin ta san wurinki za mu zo."

Ta mayar masa: "Ka lallaɓa ta. In ta mutu a hanya ka tako da ƙafa, ni kai nake jira ba ita ba."

Da maganar ta kai kunnen Baba, bai ɗaga murya ba.

"Auta, wanda ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa don a gan shi, haka zai ɗauki iyali ya yar a hanya. Albashin malami a bakin wannan motar? Ba da 'yata ba."

Dillalin ma yana son Auta. Kullum da motar da yake zuwa gaishe da Baba, yana ƙara masa da cewa malamin don 'yan mata ya sayi motar.

Da ƙyar Auta ta samu Baba ya yarda malamin ya zo su gaisa. Ranar aka share falo, Baba ya sa babbar riga ya zauna. Rana ta yi sanyi, shiru. Wayar malamin a kashe. Dillalin ya leƙo ya ce da idonsa ya gan shi da mace a gaban mota.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta rubuta: "Da ka ce min ka fasa, da ya fi min sauƙi."

Sai washegari amsa ta zo: "Ki yafe ni, Likitata. Muna asibiti da Mama tun jiya. Ban fasa ba, ba zan fasa ba."

Ta nuna wa Baba. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ɗauki hularsa.

A harabar asibiti suka same shi, ya rungumo wata tsohuwa kamar jaririya yana ƙoƙarin kwantar da ita a kujerar gaba. Idanunsa sun faɗa. Da ta zauna ta huta, ta dubi Baba.

"Ku ne iyayen yarinyar? Ku yi haƙuri, ni na hana shi zuwa, jikina ne ya tashi. Wankin ƙoda yake kawo ni, ga ƙashin bayana ba ya jure girgiza. Duk motar da muka shiga sai na yi kuka, ban da wannan. Na ce ya sayar ya huta, ya ƙi."

Auta ta dube shi. "Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Ban so ki so ni don tausayi ba."

"Ai ka makara. Tun ranar famfon ruwa."

Baba ya yi gyaran murya, ya zagaya motar yana sauraron injin.

"Gobe ka kawo ta shago, akwai ƙarar da ban yarda da ita ba," ya ce. "In an gama da ita, ka turo manyanka."

Bikin bai yi hayaniya ba. Da jama'a suka watse, suka shiga ɗakin Mama suka durƙusa a bakin gadonta, dukansu biyu a gajiye. Ta kama hannun Auta ta sa a cikin nasa, ta riƙe su tare.

"Allah Ya yi muku albarka," ta ce a hankali. "Ya ba ku 'ya'yan da za su ɗauke ku ranar da ƙafa ta ƙi."

"Amin, Mama," Auta ta amsa. Shi kam ya kifa goshinsa a kan hannayen nan uku.