Ranar Da Baba Ya Kwance Ɗamarar Kujera

"Na ce ba zai je ba, Lefteris! Sau nawa zan faɗa maka?"

"Shi ya roƙe ni, Antula. Ba ni na kawo maganar ba..."

"Ni ke kula da shi, ba kai ba!"

Sai muryar Baba daga cikin ɗaki: "Kin gama? In kin gama miƙo min hulata."

Shekara arba'in Baba ya yi yana kamun kifi a teku, kafin injin jan taru ya karya masa baya. Shekara uku ke nan yana kan keken guragu, Mama kuwa ta daɗe da rasuwa, ni kaɗai ce. Lefteris ma'aikaci ne a gandun tekun da aka killace saboda kunkurayen ruwa masu zuwa yin ƙwai. Sau biyu yana zuwa da maganar aure, sau biyu ina ce masa ya jira. Ina sonsa kamar raina, amma wa zai ɗaga Baba, wa zai kwantar da shi?

Bana ma'aikatan gandun suka shimfiɗa hanyar katako har bakin ruwa, suka kafa kujera a kan dogon ƙarfe mai gangarawa da guragu cikin teku. Can Baba ya roƙa a kai shi. Ba kujerar nake tsoro ba. A satin nan Baba ya ba maƙwabcinmu carbin da ko ni ba ya bari in taɓa, ya sa aka kira masa limamin cocinmu ya yi ikirarin zunubansa. Shekaranjiya kuma ina wanke masa ƙafa ya ce, "Na zame miki kaya, 'yata." Tun ranar nake tsoron ban kwana yake yi da duniya.

Amma wa ya isa ya hana Baba, Kyaftin Stamatis, abin da ya sa kai? Muka tafi.

Na tura keken a kan katako, muna wuce kejojin da aka kifa a kan ramukan ƙwai. Lefteris ya ɗauke Baba cak ya ɗora a kujerar. Ni da kaina na ɗaure masa ɗamara, na sa masa rigar hana nitsewa, na ja igiyarta har ya yi tari.

"Kifi kike ɗaurewa ko ubanki?"

"Iya ƙirji, Baba. Ka yi min alkawari!"

Ya karɓi maɓallin kujerar daga hannun Lefteris ya danna.

Kujerar ta gangara a hankali. Ruwa ya rufe gwiwarsa, ya kai cikinsa, ya kai ƙirji. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Kafin in gane me yake yi, rigar ta taso tana yawo ita kaɗai, kujerar kuma babu kowa.

"Baba!"

Na zabura, Lefteris ya riƙe ni.

"Sake ni! Ya nitse! Wayyo Budurwa Maryamu, sake ni!"

"Duba can... duba!"

Farin kan Baba ya ɓullo can gaba. Hannu ɗaya, hannu biyu, yana tsaga ruwa, ƙafafun na biye da shi. Ba gaɓa ya nufa ba, tsakiyar teku ya nufa.

Na damƙi rigar Lefteris. "Na rantse da kabarin Mama, in ya tafi ba za ka ƙara ganin fuskata ba!"

Sai a lokacin na ga leɓensa ya yi fari fat. Ashe shi ma a tsorace yake. Ya fige takalminsa ya faɗa ruwa.

Nan da nan ya kusa cim ma Baba, matashi ne. Amma da ya rage kamar tsawon kwalekwale ɗaya, sai ya sassauta. Yana binsa a baya, bai miƙa hannu ba.

"Kama shi! Ka haukace ne? Kama shi!"

Na yi ihu har muryata ta dushe. Wata tsohuwa ta dafa ni tana yin alamar gicciye. Na tsani Lefteris a wannan lokacin, tsana ta gaske.

A wajen jajayen balo-balon da ke nuna iyakar masu iyo Baba ya tsaya. Bayansu sai zurfi. Ya daɗe yana kallon can, ni kuma na durƙushe a kan yashi.

Sannan ya juyo.

Da kujerar ta fito da shi, na rufe shi da tawul ina kuka ina dukan kafaɗarsa.

"Faɗa min gaskiya, Baba. Da ka shiga... ka yi niyyar dawowa?"

Ya share ruwan fuskarsa da tawul.

"Ban sani ba, 'yata. Shi na je in gano."

Na saki kafaɗarsa, ya ci gaba.

"Shekara uku kowa ɗaga ni yake, kowa riƙe ni yake. Da yaron nan ya cafke ni a can, da na dawo gida ban san amsar ba har abada." Ya nuna Lefteris da haɓa. "Yana bayana yana kuka kamar ɗan akuya, 'Kyaftin, don Allah... Kyaftin, Antula...' Amma bai taɓa ni ba. Ni na juyo da hannuna."

Lefteris na tsaye ruwa na ɗiga daga jikinsa, ya kasa haɗa ido da ni.

"Masoyiyata, da ya wuce iyakar da na kama shi, na rantse. Ki yafe min..."

"Rufe min baki!" Na kai masa duka a ƙirji, na ƙara, sai kawai na tsinci kaina a ƙanƙame da shi, zuciyarsa na bugawa fiye da tawa.

"Lahadi ka zo da uwarka," in ji Baba. "Ke kuma kada in ji kin ce ya jira."

"Wa zai kula da kai, Baba?"

Ya riƙo hannuna da nasa mai sanyi, ya matse har na ji zafi.

"Ki daina gadina, Antula. Na dawo. Ina so in rayu."