Lemun Da Ya Fashe A Itacen Hajja

Zamanin da Turawa ba su daɗe da shigowa garin Lafiya ba, Hajja Batulu mai turaren wuta ta ƙulla ciniki da wani saurayi, Bubayero: ya riƙa kawo mata itacen ƙamshi daga dajin Arikya, ita tana ba shi kanwar shanu.

"Ka kawo mini ruɓaɓɓe, ɗan Fulani, in sayar da kai!" in ji Hajja, cikin wasan Barebari da Fulani.

"Babarbariya ta sayar da ubangidanta? A wace kasuwar?"

Jikarta Sailuba ce ta fito da kanwar tana dariya. Sau ɗaya ya dube ta ya sunkuyar da kai, amma aikin gama ya gama.

Kunya ba ta barinsa ya miƙa mata kyauta hannu da hannu. Sai ya riƙa cusa lemun tsami a ƙasan taikin itace, ita ta kwashe kafin Hajja ta gani.

"Mai sanda, bakinka ciwo yake?" in ji Sailuba wata rana.

Ya ce mata, "Ƙamshina, in na buɗe shi, zuciyata ce za ta faɗo."

Da mahaifinta Mika'ilu ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda gidansa ke bin ciyawa. Ga kuma Mele mai fataucin gishiri, wanda ya daɗe yana zarya ba ta kula shi.

Ran nan takarkarin Bubayero ya zame a rafi, lemun ya fashe ya jiƙe itacen. Da aka sauke kayan a ƙofar Hajja, Mele ya sunsuna taikin, ya baza gari cewa Bafillace ya zuba asiri don ya juye kan yarinya.

Sailuba ta aika ta bakin ƙanwar Bubayero mai tallan nono: "Ki ce masa kada ya gudu. In ya gudu, ƙaryar Mele ta zama gaskiya. Ni ina nan."

Da hantsi Bubayero ya zo zauren Mika'ilu, dattawa sun cika.

"Me ka zuba a itacen uwata?" in ji Mika'ilu.

Bubayero ya sunkuyar da kai. Gumi na bin wuyansa.

"Sau uku ke nan ina tambaya. To, ka kwashe shanunka, kada a sake ganin ƙafarka a garin nan."

Har Bubayero ya ɗauki sandarsa, murya ta fito daga bayan asabari.

"Baba, lemu ne. Nawa ne. Wata biyar ina sha."

Hajja ta shigo da kasko, ta jefa tsinken itacen a garwashi. Ƙamshin lemu ya fara tashi, garau, sannan hayaƙin itacen ya biyo shi, mai nauyi, ya zauna a rigunan mutane.

"Shekara arba'in ina ƙona itace, ban taɓa jin wannan ba," in ji Hajja. "Mika'ilu, ni na haife ka. Yaron da ya gwammace a kore shi da ya ambaci sunan 'yarka a gaban maza, shi za ka hana?"

Mika'ilu ya gyara zama, ya ce:

"Ya kafa bukka a Akurba, nan kusa da gari, inda zan riƙa ganinta."

Bayan kaka aka ɗaura aure, da turaren aka turara amarya, aka yi ta sa albarka.

Bubayero ya samu mata, Hajja ta samu turaren da amaren Lafiya ke rububi. Mika'ilu ya rasa gardama, ya samu kindirmo. Mele kuwa, da hancinsa ya jawo wa kansa asara.