Wanda Bai Saci Kwano Ba

Baƙi sun watse daga makokin tsohuwa Zhan a Jingdezhen, sai ɗanta Boren ya shiga ɗakin kakanni ya tarar da tebur wayam. Kwanon tangaran mai shuɗin zanen kifi biyu, wanda a ciki ake ajiye wa kakannin gidan shinkafa tun zamanin kakan kakansa, ya yi ƙafa.

Kafin Sufeto Kuang ya iso, Boren ya riga ya watso kayan Lanfen waje, matar da ta yi jinyar tsohuwar har ta cika.

"Ita ke share ɗakin, Sufeto. Ka tafi da ita."

Kuang ya dubi teburin. Aikin da wuya. Tsohuwar ta haura casa'in, kuma a makokin mai irin wannan shekaru kowane baƙo sai ya saci kwanon da ya ci abinci, ya cusa a riga, don tsawon ranta ya bi shi gida. Yau gari duk ɓarayi ne. Amma mutum uku kaɗai suka shiga ɗakin kakannin don kunna turare.

Ya fara da Lanfen.

"'Yar'uwa, kin saci naki?"

Ta zaro farin kwanon makoki daga ƙullinta. "Na jikata ne."

"Wa kika ga ya fita da ƙirji a kumbure?"

"Kowa, ranka ya daɗe. Har tsoho Nie mai sayar da kayan tarihi. Maɓallin rigarsa ya kusa tsinkewa."

Na biyu Tao ne, ɗan ƙanwar marigayiya, ɗan caca. Kuang ya same shi a gida yana shan miya a kwanon da ya sato.

"Kai da bashi ya yi wa katutu, wannan kaɗai ka ɗauka?"

"Yaya Kuang, rigata ɗaya take ci. Gwada ka gani."

Kuang ya gwada. Kwano na biyu bai shiga rigar ba.

Na uku Nie ne, yana shagonsa yana goge tulu da tsumma.

"Baba Nie, nuna mini kwanonka na makoki."

"Ni? Ban ɗauki ko cokali ba. Hannuna tsaf na fito."

"Mahaifiyarka ba tana kwance ba lafiya ba?"

Tsumman ya tsaya a kan tulun.

"Mai uwa a kwance ba ya barin kwanon 'yar casa'in a tebur," in ji Kuang. "Sai in wurin sa shi ya cika. An ga ƙirjinka a kumbure, kai kuma ka ce ba ka ɗauki komai ba. To me ya kusa tsinka maka maɓalli?"

A cikin tulun aka sami kwanon nan mai kifi biyu, naɗe da tawul, da ƙwayar shinkafa manne a gindi.

Boren ya kwashe kayan Lanfen da hannunsa zai mayar ɗaki. Ta karɓe su, ta ɗaure, ta sa farin kwanonta a sama, ta fita.