'Yar Sabo a Aliero

A kasuwar albasa ta Aliero Zayyad ya fara ganin Naja'atu, tana taya kwando da wata Hausa mai gardin Yarabanci. 'Yan kasuwa suka kwashe da dariya, shi kuwa bai yi ba, sai ya ɗaukar mata kwandon har ƙofar gwaggonta Murjanatu.

A unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ta, tsohuwar unguwar Hausawa inda kakanta ya kafa gida. Da mahaifinta ya rasu aka kawo ta nan Aliero. A can ana ce mata Bahaushiya, a nan kuma Bayarabiya. Ko biki 'yan matan layin ba sa gayyatarta. Wuni take kan keken ɗinki ita kaɗai, tana kewar rufin kwano mai tsatsa da hayaniyar Sabo. Abin da ke sa ta murmushi saƙon Zayyad ne kawai.

"'Yar Sabona, kin ci abinci? Yau kasuwa ta cika, amma ni ban ga kowa ba."

Da maganar aure ta taso, mahaifinsa Alhaji Lawali ya ce ɗansa ba zai auri 'yar bariki marar asali ba. Naja'atu ta ci kuka har ta gode Allah. Idan nan ma ba gida ba ne, ina za ta?

Zayyad ya roƙi tsohon ya je ya bincika da kansa. Alhaji ya bi motar albasa zuwa Kudu, ita kuma ta kasa ko zura zare a allura.

Ranar da ya dawo, gidan Murjanatu ya nufa da ƙurar hanya a jikinsa. Ya ce dattawan Sabo sun kai shi wani tsohon zaure, masaukin fataken Aliero tun zamanin da, inda ba a tambayar baƙo ɗan wane. Nan mahaifin Alhajin ya kwanta ciwo, lokacin shi Alhajin yana goye. Mai zauren ya yi jinyarsa, da ya rasu ya yi masa sutura, kuma shi ne kakan Naja'atu.

"Ɗiyata," in ji shi, "kabarin ubana sunka nuna min, kusa da na kakanki. Ki yafe min."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Alhaji Lawali da kansa ya roƙa a bar shi ya yi mata rakiya, yana ta sa albarka. A bakin ƙofa ya ce, "Shiga, gidanku ne."