Jakunkunan Damagaram a Hanyar Nilu

Shamsiya ta murɗa makulli ta tura ƙofar gidansu, ƙofar ta tsaya a rabi. Wani abu ya tokare ta daga ciki. Ta sa kafaɗa ta danna, ta shiga a karkace, ta yi tuntuɓe da jaka.

Ba ɗaya ba ce. Manyan jakunkuna ne masu layin ja da shuɗi, tun daga bakin ƙofa har kicin, kowacce an naɗe ta da salatif an rubuta suna da lambar waya a jiki. Ƙamshin man shafawa da sababbin takalma ya cika falon.

Ta sunkuya ta karanta ta kusa da ita. Damagaram, unguwar Birni.

"Latif."

Mijinta ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Murmushin da ya shirya bai kai ko'ina ba.

"Sannu da aiki, masoyiya. Ki zauna tukuna..."

"A ina? Kujerar ma jaka ce a kanta. Wa zai tafi Damagaram?"

Ya kalli ludayin.

Wata huɗu ke nan da aurensu. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan yankin Bronx, shi direban motar 'yan makaranta, ɗan Zangon Kumasi. Ba su yi yawon amarci ba, sun ɗaga shi sai hutunsu ya haɗu. Yanzu ya haɗu. Mako mai zuwa za su sauka Alƙahira, su wuce Luxor, su shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da zai bi Kogin Nilu da su har Aswan, yana tsayawa ana sauka ana shiga tsofaffin haikalai da kaburburan sarakuna.

"Jiya bayan Juma'a na kai wa Innarki shinkafa," in ji shi. "Ƙawarta Tanti Adjara tana can. Sai Inna ta ce tunda Afirka za mu, mu biya Damagaram mu gaida Kakarki."

"Ka ce me?"

"Shamsiya..."

"Ka ce me, Latif?"

"Na ce to."

Ta ajiye jakar hannunta a kan wata jakar, a hankali.

"Daga Luxor ake biyawa Damagaram? Kamar daga nan zuwa masallaci?"

"Na sani. Shi ya sa na kira ejan ɗinmu na tafiye-tafiye da safe. Ya ce hutunki ba zai ɗauki duka biyu ba. Sai dai a cire ɗaya..."

"Ka cire wanne?"

Ya juya ludayin a hannunsa. Tukunya tana tafasa a bayansa.

"Ban cire ba tukuna. Ranar Litinin yake jiran magana ta ƙarshe."

"Amma ka tambaye shi yadda ake cire kogin."

"Na tambaya."

"Ejan ya sani. Tanti Adjara ta sani. Duk matan Highbridge, unguwar su Inna, sun sani, har sun je kasuwa sun dawo sun ɗaure kaya. Ni kaɗai ce ban sani ba, ni da aka ce amarya."

"Zuciyata, ki saurare ni..."

"Ajiye zuciyar nan a gefe. Ka san tun yaushe nake jiran tafiyar nan?"

Ya sani. A haɗuwarsu ta biyu ta ja shi babban gidan tarihi na Manhattan, ta tsayar da shi gaban wani ƙaramin haikali da aka kwaso daga Misra aka sake ginawa cikin ɗakin gilashi. Ta gaya masa tana aji huɗu malamarsu ta kawo su nan, ita ta ƙi fita har aka zo aka janye ta. Ta ce wannan ɗan tsakure ne kawai, wata rana sai ta je inda aka ciro shi. Shi ne ya ce, tare za mu.

"Ni na zaɓi ɗakin nan mai taga," ta ce cikin haushi. "Don in farka in ga gonakin rake da dabino suna wucewa. In tsaya tsakanin ginshiƙan haikalin Karnak in ɗaga kai har wuyana ya yi ciwo. In sauka cikin kabarin da zanensa bai koɗe ba har yau. Na yi wa mutane aikin Sallah, na yi na Kirsimeti, don a ba ni hutun nan. Kai kuma ka bayar da shi da kalma ɗaya."

"Surukata ce. Ta yaya zan buɗe baki in ce mata a'a?"

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, don wannan kunyar tasa tana cikin abin da ya sa ta so shi. Bai taɓa kallon fuskar Inna ba. Ba ya cin abinci a gabanta. Tun a bakin ƙofa yake cire takalmi. Matan unguwa har misali suke yi da shi, wai ɗan Ghana ya fi 'ya'yan gida ladabi.

"Ita ba za ka iya ce mata a'a ba," ta ce. "Ni kuwa ko tambaya ban cancanta ba."

Ta sunkuya ta ciccibi jaka ɗaya.

"Ɗauki biyu."

"Ina za mu?"

"Inda aka ce to."

Suka fito titin Grand Concourse da rana tsaka, suka hau bas da kayan, mutane suna matsa musu suna harara. A Highbridge suka sauka suka kama hawan tudu. Yana biye da ita da jaka biyu. Ba ta juyo ba, sai dai tana jin numfashinsa a bayanta.

Inna, Hajiya Aïchatou, tana kicin tana tuƙa tuwo. Ƙawarta Tanti Adjara tana zaune a falo tana tsinke zogale a tire. Latif ya dire kayan a bakin ƙofa, ya cire takalmi, ya durƙusa can gefe kusa da firij, idonsa a ƙasa.

"Amarya da kanta," in ji Tanti Adjara. "Ai da kun bari, akwai tawa guda da ban ƙarasa ɗaurewa ba."

"Tanti, ina wuni. Dawo da su muka yi."

Muciya ta tsaya a tukunya. Inna ba ta juyo ba.

Shamsiya ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ke, take cewa, ko 'yar nan. Ba ta zama hira da ita, ba ta roƙonta komai. Idan tana son abu, sai ta faɗa wa wani a gabanta. A Bronx aka haifi Shamsiya, aka yaye ta aka kai ta wurin Kaka a Damagaram, ba ta dawo ba sai da ta isa shiga makaranta.

"Adjara," in ji Inna, "tambaye ta me kayan mutane suka yi mata."

"Inna, ga ni a tsaye. Ba Damagaram za mu ba. Misra za mu."

"Adjara, ce mata mijinta ya amsa."

"Mijina zai amsa ko kin ce ya kawo miki wata daga sama. Kin sani. Shi ya sa shi kika tambaya."

Tanti Adjara ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, wai me ke cikin Misrar? Ba Umra ba, ba karatu ba. Gidajen Fir'auna fa aka ce. Mutum da ransa da lafiyarsa ya biya jirgi ya je ya shiga ramin gawa? Idan ruwa kike so ku je Niamey, kogi na nan, har da dorina."

"Tanti, ban ce kowa ya raka ni ba."

Inna ta ajiye muciyar. Ta juyo, amma bangon da ke bayan 'yarta take kallo.

"Matattu," ta ce. "Mutanen da suka mutu tun kafin kakannin kakanninmu. Su za a haye teku a je a gaida. Tsohuwar da ta goya ki, ta tauna ta ba ki, tana can da ranta tana tambaya ko angon fari ne ko baƙi."

"Muna magana da Kaka a waya duk mako."

"Waya." Inna ta yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ni ma wayar nake yi. Tun da na shigo ƙasar nan wayar nake yi. Ubana ya rasu, a waya na ji. Ba ni da takardar da zan fita in dawo. Ke kina da ita a aljihu, shuɗin fasfon ƙasar nan, ko'ina a buɗe miki. Sai ki ɗauke ta ki kai wa Fir'auna."

Tanti Adjara ta mayar da idonta kan zogale.

Shamsiya ta ji maganar ta sauka mata a ƙirji. Ta san Inna ba ta da takarda, kowa ya sani, amma ba ta taɓa jin ta faɗa da bakinta ba. Hawaye suka taho mata, haushin kuma bai tafi ba.

"To me ya hana ki gaya min? Ni. Me ya sa sai ta bayana?"

"Tun yaushe nake zama da ke ina roƙonki?"

Daga gefen firij aka yi gyaran murya.

Latif bai ɗago ba. Ya ma ƙara juya fuskarsa ga ƙofar firij ɗin, gumi yana bin wuyansa.

"Inna... ki gafarce ni. Jiya na amsa abin da ba nawa ba ne ni kaɗai." Ya share gumin wuyansa. "Na yi wa matata alkawarin kogin nan tun kafin in san hanyar gidan nan. Ba za mu Damagaram ba a wannan tafiyar. Laifina ne. Ni zan mayar wa kowa kayansa, ƙofa ƙofa."

Tanti Adjara ta saki baki. "La'ilaha. Ashe yana da murya."

"Da firij yake magana ko da ni?" in ji Inna.

"Da ke nake, Inna."

Shamsiya ta kalli bayan mijinta, rigarsa ta jiƙe ta manne. Ta san abin da waɗannan 'yan kalmomi suka ci masa. Ta share fuskarta da gefen mayafi, ta shiga kicin ɗin, ta tsaya kusa da uwarta fiye da yadda ta saba.

"Ya faɗi nasa. Saura ke. Ki tambaye ni, Inna. Ba shi ba, ba Tanti ba."

Inna ta ɗauki muciyar ta ci gaba da tuƙi, tuwon da ya riga ya yi. Ta tuƙa, ta tuƙa. Sai da Shamsiya ta fara fidda rai, sannan maganar ta fito, ƙasa ƙasa, ana faɗa wa tukunya.

"Za ki je ki gano min tsohuwa?"

"Zan je. Da Babbar Sallah, ni da shi. Zan zauna da ita, in riƙe wayar ki gan ta tana cin nama. Amma ba yanzu ba. Yanzu kogina zan tafi."

"Kogin naki." Inna ta ja tsaki. Ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne, alhali murhun na lantarki ne. "Taurin kai kamar na ubanta."

"Ni dai tawa jakar kada wanda ya kwance ta," in ji Tanti Adjara. "Ta jira Sallar. Takalma ba sa ruɓewa."

Inna ta kwashe tuwon ta zuba a kwano mai murfi, ta zuba miya a wani, ta ɗaure su a leda ta miƙa wa 'yarta ba tare da ta kalle ta ba.

"Ku tafi ku ci a can, tunda wancan ba ya ci a nan. Kuma idan kin shiga ramukan nan ki yi addu'a kafin ki sa ƙafa. Kada ki taɓa bango."

"Ba a ma bari a taɓa."

"Sun yi hankali."

Latif ya miƙe yana laluben takalmansa. Ya kai hannu ga ƙofa ke nan Inna ta yi magana, wannan karon ga labulen taga.

"An ce dabinon can yana da kyau. Idan da wuri a kaya, a riƙo min kaɗan."

Bakinsa ya buɗe da kansa. Sai ya rufe shi. Ya juyo ya kalli matarsa.

Shamsiya ta bar shi a tsaye, hannu a kan ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta gyara riƙon ledar tuwon. Sannan ta ɗaga masa kai.

"To, Inna," ya ce.