Kwalba ta Arba'in

Kwana biyu ke nan maigadin gidan furanni yana bayan kanta, kuma Insfekta ne da kansa ya tura shi. Abin da ya hana Insfekta sakat shi ne tsohon bai yi musu ba. Roƙo ɗaya ya yi, a gaya wa matarsa kada ta jira shi da abinci.

Ƙanen mai gidan, wani manomi da ake kira Mai Lambu, shi ya kawo rahoton. Ya ce an fasa taga an kwashe kwalba arba'in ta tsiron wani fure mai tsada da ake kira okid yayin da yayansa ke kwance a asibiti, kuma maigadi ne ke riƙe da makulli. Insfekta yana sauri ranar, bai tsawaita ba.

A rana ta uku aka sallamo yayan, Malam mai furannin, daga asibiti. Insfekta ya ɗauki Saje suka koma.

Sun tarar da shi zaune gaban kantar da babu komai a kanta. Da murya ƙasa-ƙasa ya bayyana musu cewa irin okid kamar ƙura yake, ba ya tsira a ƙasa. Sai an dafa masa abinci mai kauri kamar sitaci a cikin kwalba, a shuka, a toshe bakin ruf. Uwar waɗanda aka kwashe kuwa a jikin wata bishiya ya samo ta, a dajin da yanzu an sare shi ƙarƙaf. Shekara uku yana renon su.

"Idan aka buɗe kwalbar fa?" in ji Insfekta.

"Ko numfashi ka yi a kai, kwana uku funfuna ta cinye."

Insfekta ya dubi tukwanen da ke rataye, cike da furanni masu tsada, ko ɗaya ba a taɓa ba. Wane irin ɓarawo ne zai bar waɗannan ya kwashi tsiron da bai kai ƙwayar shinkafa ba?

Saje ya leƙa ta tagar, ya ce ai gilashin duk a waje ya zube. Ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin mai makulli a aljihu yana wahalar da kansa da taga ba. Da wasa ya faɗa, amma Insfekta ya ji kamar an mare shi. Tambayar da ya kamata ya yi tun ranar farko ke nan.

Mai Lambu yana lambun da ke bayan gidan, yana ban ruwa. Ya rantse bai taɓa shiga ɗakin kwalaben ba, shi da latas da kabeji ya saba. Yana magana yana kallon ƙasa.

Insfekta ya nuna wata kunyar shuka a gefe. "Wannan kunyar yaushe ka yi ta?"

"Ta daɗe, Yallaɓai."

"Ta daɗe, ko ciyawa ɗaya ba ta fito ba? Kuma ka bi duk sauran da ruwa, ita ka tsallake ta."

Insfekta ya sa Saje ya ɗauko fartanya. Sara na uku suka ji ƙarar gilashi. Suka jera kwalaben a ƙasa, kowace cikinta ya yi baƙi ƙirin da funfuna. Talatin da tara.

Malam ya fito yana dogara sanda. Mai Lambu ya zube a gabansa.

"Yaya, wallahi alheri na nufa. Na leƙa na gan su a toshe, babu iska, babu ruwa. Shekara talatin ina noma, ban taɓa ganin shukar da ta rayu a haka ba. Na buɗe su, na ɗiga musu ruwa. Da na ga sun yi baƙi, na tuna zuciyarka, na ce gara ka ji ɓarawo ne da ka ji ni ne."

"Sai ka ba 'yan sanda tsohon da ya goya 'ya'yanka," in ji Malam.

Mai Lambu ya sunkuyar da kai. Insfekta ma ya kawar da kai.

Da aka tambayi Mai Lambu ta arba'in, ya ce murfinta ne ya ƙi buɗuwa, ya ɓoye ta a ɗakinsa, kullum yana dubawa. Saje ya ɗauko ta. Tsiron yana nan kore shar. Malam ya karɓa da hannu biyu, bai ƙara kallon ƙanensa ba har aka sa shi a mota bisa laifin rahoton ƙarya da ƙazafi.

A ofis Insfekta ya karɓi makulli ya buɗe wa maigadi da kansa. Ya cire hula ya ce, "Baba, ka yafe mini. Ban yi aikina ba."

Tsohon ya miƙe da ƙyar, yana neman takalminsa. Ya ce ai ya ga Mai Lambu yana tona ramin.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ƙudura ba zan kai ƙararsa ba, saboda Malam. Amma da ka tambaye ni, ba zan yi maka ƙarya ba." Ya saka takalmin. "Ba ka tambaya ba, ɗana."