Ƙwallon da Leszek Bai Doka Ba

"Kyauta aka ba ta."

Jagoda na tsaye a ƙofar ɗakin canza kaya, kofin gasa a hannunta, gumi bai ko bushe mata ba, ta ji maganar. Wiola ce ke yi, kuma ba a ɓoye ba. A gaban 'yan jarida take yi, tana gyara gashi.

"Ai kuna da idanu. Ƙwallo ta taso sama, Leszek na bakin raga, budurwarsa na gabansa kamar an dasa ta. Ko yaron da ya fara riƙe raket jiya ya san ƙafafunta zai doka. Sai ya shafa ƙwallon kamar mai lallashin jariri, ta fita waje. Ni dai abokiyar wasansa ce kawai... ba ni zai aura ba."

Aka yi dariya.

Yanzun nan aka tashi wasan ƙarshe na tanis ɗin bibbiyu a garin Sopot, mace da namiji a kowane ɓangare. Jagoda da abokin wasanta sun doke Leszek da Wiola. Kofinta na farko ke nan na ƙasa, bayan shekarun da ta kwashe tana wasa a filin baya, lokacin da 'yan kallo suka watse cin abinci. Haka ake yi wa 'yan bibbiyu, sai ka ce guntun tuwon jiya. Yau ɗaya da ta samu abin ɗagawa, wata ta tofa masa yawu.

Jagoda ta juya neman Leszek.

A bayan fili ta same shi zaune kan benci, tawul a wuya.

"Me ya sa ba ka doka ba?"

"Rabin raina, barka da..."

"Kar ka rabin raina ni. Me ya sa ba ka doka ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ke ce a gabana."

"To sai me? Wiola ta doke ni da ƙwallo a cinya a zagayen farko, na mutu ne? Wa ya ce maka ina son tausayi a cikin fili?"

"Hannuna ne ya ƙi, Jagoda. Na ga fuskarki..."

"Ka ga fuskata, ka zubar mini da mutunci."

"Kin ci kofi, kina kuma yi masa tsawa?"

Pani Grażyna ce, wato Uwargida Grażyna, mahaifiyar Leszek, ta iso da jakarta a hammata, mutane na ta taruwa suna kallo. Tun ranar da ta ji Jagoda 'yar ma'aikacin ramin kwal ce daga garin Bytom take kallonta kamar ƙuda a miya.

"Na faɗa masa tun farko," in ji ta. "Ɗana bai taɓa zubar da irin wannan ƙwallon ba sai da ya haɗu da ke. Ki riƙe kofin da kyau, yarinya, kyautar ɗana ce. Da hannunki ba za ki taɓa ci ba."

Jagoda ta dubi Leszek.

Ta jira.

Ya ƙura wa takalminsa ido.

"Auren nan babu shi," in ji Jagoda. Ta ɗauki jakarta ta yi tashar jirgin ƙasa.

Kafin ta isa Bytom magana ta riga ta. Mai horar da 'yan wasan ƙasa ya kira ta a waya, yana ta kame-kame. Da ma an ce duk wadda ta ci wannan kofin ita za ta shiga tawagar ƙasa. Yanzu wai a dakata. Wai ana ƙishin-ƙishin an sayar da wasa, sai an bincika. Kafin nan Wiola za ta riƙe gurbin.

Wiola!

A gidan Goggo Danuta ta sauka, yayar mahaifinta da ta raine ta. Zama ya gagare ta. Ta leƙa taga, ta dawo, ta buɗe firij, ta rufe. Ta ɗauki raket ta ajiye. In ta fita sayen burodi sai ta ga kamar kowa na nuna ta da baki. Wayarta na ta ƙara, sunan Leszek na fitowa, tana kifa ta.

"Za ki huda mini daɓe da wannan zirga-zirgar," in ji Goggo. "Zauna ki ci abinci."

"Goggo, sona yake yi. Shi ya sa ya kasa."

"So? Ni ban yi karatu ba, amma na san so ba ya barin uwarsa ta wanke ki tas yana kallon takalminsa. Na wanke benen mutane har gwiwata ta lalace don in saya miki raket, ba don a ce wani ɗan gata ya yi miki sadaka ba. Sai an janye maganar nan. Ko a gaban wa aka faɗe ta, a gabansa za a janye."

Ranar Lahadi, ana shirin cin abincin rana, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Leszek ne, da furanni a hannun hagu.

Ya rame. Jagoda ta so ta rungume shi, ta kuma so ta kwaɗa masa ƙofar a hanci.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa. "Baƙo dai baƙo ne, ko da maras kunya ne. Shigo. Miyar kaza ce, ba ta masu kuɗi ba."

"Na gode, Pani Danuta."

"Tun da Allah ya ba ka tsawo, sauko mini da kwalbar kokwamba mai tsami can saman kabad. Babbar."

Leszek ya ɗaga kai ya dubi kwalbar. Ya miƙa hannun hagu, ya ga ba za ta ɗauku da hannu ɗaya ba, sai ya ɗaga na dama.

Hannun bai wuce kafaɗa ba.

Ya saki wani nishi, fuskarsa ta yi fari fat. Kwalbar ta suɓuce ta tarwatse a ƙasa, ruwan tsami ya malale har ƙarƙashin tebur.



Jagoda ta taka a hankali ta tsaya gabansa. Ta sa yatsa ta danna kan kafaɗar. Ya zabura.

"Tun yaushe?"

"Jagoda..."

"Tun yaushe, Leszek?"

"Tun bazara. Jijiya ce ta yage. Allura ake yi mini kafin kowane wasa. Ran nan ta sake ni ana tsakiyar wasa. Da ƙwallon ta taso, na ɗaga hannu... babu."

"Ba fuskata ka gani ba ke nan."

Ya girgiza kai.

"Wa ya sani?"

"Mama. Da Wiola."

Jagoda ta yi wata dariya maras daɗi. Ashe Wiola ta san gaskiya lokacin da take gyara gashi a gaban 'yan jarida. Ashe Pani Grażyna ta sani lokacin da take cewa kyauta ce.

"Ki saurare ni, abar ƙaunata. Akwai wani ɗan wasa, ɗan Holland, da ya yarda mu yi wasa tare a kakar baɗi, manyan gasanni duka. Kin san yadda abin yake, ba mai ɗaukar abokin wasa mai kafaɗa ɗaya. In ya ji, gobe zai nemi wani. Mama ta ce in daure, maganar za ta wuce..."

"A kaina za ta wuce."

"Na ɗauka in na ce don ke ne, za ki ji daɗi."

"Da ka ce so ne, na ji haushi, amma na yi ta ba ka uzuri a raina. Ashe ko son ma aro ka yi ka rufe kafaɗarka. Ka bar su suna cin namana don ka je yawon duniya."

Hawaye suka zubo mata. Ta share da bayan hannu.

Goggo ta miƙa masa tsumma. "Goge mini ɗaki da hannun da ke aiki, ka kama hanya. Furanninka ma tafi da su."

Ya durƙusa ya goge. Ya tsince fasasshiyar kwalbar tas. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ba za ki faɗa ba?"

"Ba zan faɗa ba," in ji Jagoda. "Ba bakina ya kamata ya faɗa ba."

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na farko tsanani. Gaskiya na hannunta, kalma ɗaya za ta wanke ta, amma kalmar za ta karya shi. Ta ɗauki waya ta ajiye ba adadi. Goggo kuwa har ta sa kwat za ta tafi gidan jarida da ƙafarta, sai da Jagoda ta tare ƙofa.

"Wauta ce ke damun ki," in ji Goggo.

"Na sani."

Ana nan, wata safiya maƙwabciya ta shigo ba sallama. "Ku kunna talabijin."

Leszek ne zaune gaban 'yan jarida, likita a gefensa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kafaɗarsa ta lalace tun kafin wasan Sopot, ya ɓoye. Ya ce ƙwallon nan ba bari ya yi ba, kasawa ya yi, kuma abokiyar wasansa ta san haka. Ya ce Jagoda ta ci kofinta da guminta, shi kuwa ya yi shiru ana zaginta saboda son kai.

Wani ya tambaye shi batun ɗan Holland.

"Na kira shi jiya. Ya sami wani."

Jagoda ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska.

Kafin yamma mai horarwa ya kira, wai da ma shi bai taɓa shakka ba. Ƙarya dai ba ta biyan haraji. Wiola ta rufe wayarta, har yau ba ta ba kowa haƙuri ba.

A asibiti Jagoda ta same shi bayan an yi masa aiki, hannu a rataye.

"Likita ya ce wataƙila in dawo fili, wataƙila a'a," ya ce. "Yanzu ba ni da komai, Jagoda."

"Kana da baki. Ka makara da shi, amma ka buɗe."

"Za ki aure ni a haka?"

Ta gyara masa matashi, ta daɗe tana kallon sa.

"In ka sake yi mini ƙarya, ko mai daɗi ce, ɗaya kafaɗar zan karya."

Da kaka aka ɗaura auren a Bytom. Daga coci aka wuce zauren biki, inda Pani Grażyna ke tsaye a bakin ƙofa da tiren burodi da gishiri, za ta tarbi ango da amarya yadda aka saba.

Sai ga Goggo Danuta ta ratso mutane da sandarta, ta gicciya ta a ƙofar.

"Ba mai shiga."

"Goggo, don Allah..." in ji Jagoda.

"Yi mini shiru. Pani Grażyna, ɗanki ya biya nasa. Saura ke. A gaban mutane kika ce 'yata ba za ta taɓa ci da hannunta ba, alhali kin san gaskiya. Ga mutane nan. Burodinki ba zai shiga bakinta ba sai kin gyara."

Masu kiɗa suka tsaya. Pani Grażyna ta dubi ɗanta, ko zai cece ta.

"Mama, muna jira," in ji Leszek.

"Jagoda ta ci kofinta," in ji Pani Grażyna.

"Kunnena ya tsufa," in ji Goggo.

"Da hannunta ta ci. Ni na yi mata ƙarya."

Goggo ta janye sandar.

Jagoda ta gutsuri burodin, ta dangwala gishiri ta ci. Ta gutsuri wani ta sa wa mijinta a baki.

"To ku shige," in ji Goggo. "Miya na hucewa."